Tsofaffin Kundaye Kan Ƙungiyoyin 'Yan'uwantaka: Inda Suke Haskakawa Da Inda Suke Ɓad Da Mai Karatu

Da wuya a yi mako guda ba a ga wani ya ɗora hoton takardar dala ɗaya ta Amurka a Facebook ko WhatsApp ba, an zagaye idon nan da ke saman ginin Fir'aunonin Masar da jan layi, an rubuta a ƙasa cewa tambarin Illuminati ne ko na 'yan Firimason. Masu gaskatawa su gaskata, masu musu su yi musu, amma kaɗan ne ke tambayar inda za a je a tabbatar. Amsar kuwa tana cikin wasu tsofaffin littattafai da aka wallafa a Turai da Amurka tsakanin ƙarni na 18 da farkon na 20, waɗanda a yau galibinsu suna nan kyauta a ɗakunan karatu na intanet saboda haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Littattafai ne masu amfani ƙwarai, sai dai amfaninsu yana da iyaka, kuma wanda bai san iyakar ba zai iya fitowa daga cikinsu da ruɗanin da ya fi wanda ya shiga da shi.

Ya kamata a fara da sanin girman abin da ake magana a kai. A ƙarshen ƙarni na 19 shiga ƙungiyar 'yan'uwantaka abu ne na yau da kullum ga namiji a Amurka. Wata maƙala da W. S. Harwood ya buga a 1897 ta ƙiyasta cewa 'yan irin waɗannan ƙungiyoyi sun haura miliyan 5, a lokacin da mazan ƙasar manya ba su kai miliyan 20 ba. Firimason ɗaya ce kawai daga cikinsu. Akwai Odd Fellows, wadda Thomas Wildey ya kafa reshenta na Amurka a Baltimore a 1819, akwai Knights of Pythias da aka kafa a Washington a 1864, akwai Woodmen of the World ta birnin Omaha a 1890, da wasu ɗaruruwa da tuni suka mutu aka manta da sunansu. Kowace tana da rantsuwarta, da matakan daraja, da salon musabaha, da tufafin taro, da alamomin da take bugawa a zobe da tuta da dutsen kan kabari.

Wannan yawan ne ya sa kundin da Albert C. Stevens ya wallafa a 1899, ya sake bugawa a 1907, ya zama abin da mai bincike ba ya iya tsallakewa har yau. Stevens ya tattara bayani kan ƙungiyoyi fiye da 600 na Amurka, ya kawo waɗanda suka kafa su, da manufofinsu, da alamominsu, da adadin 'ya'yansu, har ya zana musu bishiyar nasaba domin nuna wadda ta ɓalle daga wadda. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan ba su bar ofis ko magaji ba, takardunsu sun ƙone ko sun salwanta, abin da ya rage daga gare su shi ne 'yan layukan da ya rubuta. Idan ma'aikacin gidan tarihi ya tsinci lambar ƙirji mai sarƙa mai gaɓa uku da haruffa uku a ciki, irin waɗannan littattafai ne za su gaya masa cewa ta Odd Fellows ce, gaɓoɓin kuma suna nufin abota da ƙauna da gaskiya. Idan mai neman asalin kakanninsa ya ga kabarin da aka sassaƙa dutsensa kamar kututturen itace, a nan zai gane cewa mai yiwuwa mamacin ɗan Woodmen ne, domin a farkon zamaninta ƙungiyar tana sanya wa 'ya'yanta irin wannan dutse cikin haƙƙoƙin da take biya.

A ganina mafi darajar abin da kundayen suka adana shi ne ɓangaren da masu yaɗa hotuna ba sa kulawa da shi, wato kuɗi. Kafin gwamnatoci su fara biyan fansho da tallafin marayu, ma'aikacin da ya rasu yakan bar iyalinsa hannu rabbana. A 1868 wani ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna John Jordan Upchurch ya kafa Ancient Order of United Workmen a garin Meadville na jihar Pennsylvania, ba a jima ba kuma ƙungiyar ta tsara cewa kowane ɗanta zai ba da dala ɗaya, a haɗa a biya iyalin wanda ya rasu, har zuwa dala 2,000. Daga nan tsarin ya bazu, ƙungiyoyi masu yawa suka zama kamfanonin inshora sanye da rigar asiri. Rantsuwa da kalmar sirri suna da aiki na zahiri a cikin wannan tsari, domin da su ne reshen da ke wani gari mai nisa yake tantance baƙon da ya zo neman taimako, ko ɗan ƙungiya ne mai biyan kuɗinsa ko ɗan damfara. Wanda ya karanta shafukan kuɗin shiga da na biyan diyya a waɗannan littattafai zai fahimci dalilin da ya sa talakawa suka yi ta tururuwa, fiye da yadda zai fahimta daga dogon sharhi kan alamomi.

Game da alamomin kansu, babban aikin tsofaffin littattafai shi ne sanya wa kowace alama shekara. Littafin koyarwar Firimason na William Preston ya fito a Landan a 1772, na Thomas Smith Webb ya biyo baya a Amurka a 1797, sannan Jeremy Cross ya fitar da nasa mai zane-zane a 1819. Idan aka jera su aka bi su ɗaya bayan ɗaya, ana ganin lokacin da wata alama ta shigo da irin fassarar da aka ba ta. Sukwaya da kamfas da lebur da cokalin gini kayan aikin magina ne da aka mayar darussan ɗabi'a. Farin walkin fatar rago da ake ɗaura wa sabon shiga an fassara shi da tsarkin hali. Amyar zuma tana nufin himma, lauje da kwalbar yashi mai auna lokaci suna tunatar da mutuwa. Wannan shi ne abin da aka riƙa karanta wa 'yan ƙungiya, a rubuce, da shekarar bugu a bangon littafi.

Da wannan hanya ake warware batun idon da ke kan dala. Hatimin gwamnatin Amurka ne, majalisar ƙasar ta amince da shi a 1782. Mai zane Pierre Eugène du Simitière ne ya fara kawo shawarar ido tun a 1776, kuma ido a cikin kusurwa uku tsohuwar alama ce da masu zanen Kirista na Turai suka daɗe suna amfani da ita wajen nuna cewa Ubangiji yana ganin komai. Charles Thomson, sakataren majalisar da ya kammala aikin, ya bar bayani a rubuce cewa idon yana nuni ne ga taimakon Ubangiji ga Amurkawa a yaƙinsu na neman 'yanci. A kwamitin farko da aka ɗora wa tsara hatimin Benjamin Franklin ne ɗan Firimason, shawarar zanen da ya kawo kuma ba ita aka ɗauka ba. Bayanin ido mai ganin komai ya samu gindin zama a littattafan koyarwar Firimason na Amurka ne daga littafin Webb na 1797, shekara 15 bayan hatimin. Adalci ya sa a ƙara da cewa hatimin bai hau takardar kuɗi ba sai a 1935, a zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, kuma shi da ministansa Henry Wallace da ya kawo maganar duk 'yan Firimason ne. Ita kuwa Illuminati ta ainihi, wadda Adam Weishaupt ya kafa a Ingolstadt ta Bavariya ranar 1 ga Mayu 1776, mai mulkin Bavariya ya haramta ta a 1784 da 1785, alamar da aka fi saninta da ita kuma mujiya ce.

Inda littattafan nan suke zamewa shi ne batun asali, kuma zamewar ba ƙarama ba ce. Kundin dokokin da James Anderson ya rubuta wa babbar majalisar Firimason ta Landan a 1723 ya fara tarihin ƙungiyar ne daga Annabi Adamu, ya bi ta kan Annabi Nuhu da Annabi Musa da Annabi Sulaiman har ya iso ga sarakunan Ingila. Wani limamin coci mai suna George Oliver, wanda ya rasu a 1867, ya cika littattafai da dama da irin wannan iƙirari. Abin da takardu suka iya tabbatarwa ya fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Akwai dokokin da William Schaw ya tsara wa maginan Sikotland a 1598, akwai littafin taron reshen Edinburgh da ya faro daga 1599, akwai rubutun Elias Ashmole cewa an shigar da shi a Warrington a 1646, sannan babbar majalisar Landan da ake danganta kafuwarta da 1717. Labarin Hiram, maginin haikalin Annabi Sulaiman da aka ce an kashe shi saboda ya ƙi tona asiri, wanda shi ne ƙashin bayan mataki na uku, bai bayyana a buge ba sai a littafin tonon silili na Samuel Prichard a 1730.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu Musulmi shi ne na Shriners, masu jar dara da jinjirin wata da lanƙwasasshen takobi. Wani likita mai suna Walter Fleming da wani ɗan wasan kwaikwayo mai suna William Florence ne suka ƙirƙiro ta a New York, reshenta na farko ya buɗe a 1872 da sunan Makka. Duk da haka rubuce-rubucenta na farko sun yi iƙirarin cewa Sayyidina Aliyu ne ya kafa ta a ƙasar Larabawa. Ƙage ne tsagwaronsa, wanda aka yi domin ƙawata ƙungiya a zamanin da Turawa suke sha'awar duk wani abu mai ƙamshin Gabas. Wanda ya tsinci wannan shafi ba tare da sanin 1872 ba zai iya gina babbar magana a kansa, alhali abin da shafin yake tabbatarwa shi ne yadda wasu Amurkawa suka ari sunaye masu alfarma suka yi ado da su.

Albert Mackey, likita daga Charleston, shi ne marubucin da aka fi komawa gare shi. Ya fitar da ƙamus a 1845, da littafin fassarar alamomi a 1869, da babban kundinsa a 1874. Mutum ne mai faɗin karatu da haƙurin tattarawa, kuma ga wanda ke son sanin abin da ɗan Firimason na Amurka na wancan zamani yake nufi da wata kalma ko wani muƙami, babu kamarsa. Amma a rubuce-rubucensa na farko ya bi sawun Oliver wajen haɗa ƙungiyar da addinan sirri na tsohuwar Masar da Girka, sai a ƙarshen rayuwarsa ya fara ware tatsuniya daga tarihi. Wannan sauyi ya zo daidai da tasowar wasu masu bincike a Ingila da suka dage sai da takarda, irin su Robert Freke Gould, wanda tarihinsa ya fito a shekarun 1880, da reshen bincike na Quatuor Coronati da ya fara aiki a Landan a 1886. Akwai kuma wani tarko da ba kowa ke lura da shi ba. Mackey ya rasu a 1881, amma an ci gaba da gyara kundinsa ana ƙari da ragi da sunansa, har da bugun da Robert Clegg ya yi wa garambawul a 1929. Jumlar da aka ce ta Mackey ce tana iya zama ta wani da ya rubuta ta kusan shekara 50 bayan an binne shi.

Shi kuwa Albert Pike, wani jigon Firimason na Amurka, littafinsa na 1871 mai suna Morals and Dogma ya zama rumbun da masoya da maƙiya duk suke ɗiba daga ciki. A gabatarwarsa shi da kansa ya faɗa cewa kusan rabin abin da ke ciki daga wasu marubuta ya kwaso, kuma kowa yana da damar ƙin abin da bai gamsu da shi ba. Bai nuna inda ya kwaso kowane sashe ba, bincike daga baya ya gano cewa shafuka da yawa na Éliphas Lévi ne, wani Bafaranshe marubucin sihiri. Saboda haka littafin shaida ne kan tunanin Pike da abin da ya karanta, ɗaukarsa a matsayin aƙidar kowane ɗan ƙungiya a duniya kuwa kuskure ne.

Littattafan 'yan adawa su ma suna buƙatar wannan sikelin, wataƙila ma fiye. A 1797 Augustin Barruel, limamin Katolika Bafaranshe, da John Robison, farfesa a Edinburgh, kowannensu ya fitar da littafi yana ɗora alhakin juyin juya halin Faransa a kan Illuminati da Firimason, kuma daga waɗannan biyun ne mafi yawan abin da ake maimaitawa a yau ya gangaro. Mafi muni shi ne abin da Léo Taxil ya yi. Wannan mutum ya yi suna da zagin coci, sai a 1885 ya sanar da cewa ya tuba, ya shiga fitar da littattafai kan wata ƙungiyar bautar Shaiɗan da ya ce tana ɓoye a cikin Firimason, da wata mata mai suna Diana Vaughan da ya ce ta tsere daga cikinta. Manyan malaman coci suka gaskata shi, har Fafaroma Leo na 13 ya karɓi baƙuncinsa. Ranar 19 ga Afrilu 1897 ya tara jama'a a wani zaure a Paris ya faɗa da bakinsa cewa duk ƙarya ce ya shirya. Amma maganar da aka jingina wa Pike a cikin wannan ƙage, wai ya umarci manyan ƙungiya da bautar Lusifa, wato Shaiɗan, ta riga ta shiga wani littafi na 1894, daga can ta haura littafin Edith Starr Miller na 1933, daga nan kuma ta shiga wa'azozi da bidiyoyi a harsuna da dama. Haka wasiƙar da ake cewa Pike ya aika wa Mazzini, ɗan gwagwarmayar siyasar Italiya, a 1871 yana tsara yaƙe-yaƙen duniya uku. A sigar da ake yaɗawa, wadda William Guy Carr ya shahara da ita a shekarun 1950, akwai sunayen aƙidun siyasa irin na 'yan Nazi da ba a haife su ba a 1871, ɗakin karatun Birtaniya da aka ce tana ajiye a can kuma ya ce ba ya da ita.

Mai karatun da ya tashi cikin al'adar ilimin hadisi ba baƙo ba ne ga wannan aiki. Tambayoyin da ake yi wa ruwaya su ne ake yi wa waɗannan shafuka: wa ya faɗa, daga wa ya ji, ya riski abin da yake ba da labari ko bai riska ba, kuma an san shi da gaskiya. Hukuncin addini a kan shiga irin waɗannan ƙungiyoyi magana ce dabam da ta riga ta fito fili. Fafaroma Clement na 12 ya haramta wa mabiyansa Firimason tun 1738, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ita ma ta yanke hukuncin haramcin Masoniyya, wato Firimason, a 1978. Wanda ya tsaya kan wannan hukunci ba ya buƙatar ƙagen Taxil domin ya ƙarfafa shi, kuma abin yana damuna idan na ji mai wa'azi na kirki ya jingina hujjarsa da maganar da mai ita ya ƙaryata a bainar jama'a, domin ranar da ɗalibinsa ya gano haka zai fara shakkar sauran abin da ya ji daga gare shi. Cikin 'yan adawa ma akwai masu riƙon amana. Arthur Preuss, ɗan jarida ɗan Katolika a Amurka, ya fitar da ƙamus na ƙungiyoyi a 1924 domin faɗakar da limamai, bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, amma yana nuna inda ya samo maganarsa, wanda hakan ya sa har yau ake amfana da shi.

Akwai kuma waɗanda kundayen suka tauye. Baƙaƙen fatar Amurka sun gina nasu ƙungiyoyin saboda an rufe musu ƙofa. Prince Hall da abokansa sun samu takardar izinin buɗe reshen Firimason daga Landan a 1784, Peter Ogden ya samo wa baƙaƙen New York izinin Odd Fellows daga Ingila a 1843, Maggie Lena Walker kuma ta yi amfani da ƙungiyar St. Luke ta buɗe banki a Richmond a 1903. Marubuta fararen fata na ƙarni na 19 sukan ba su ɗan gurbi, ko su kira rassan Prince Hall haramtattu. Wanda ya koma ga littafin William Grimshaw na 1903, da ɗan gida ya rubuta, zai samu abin da waɗancan suka bari, sai dai shi ma ya ƙawata tarihin rayuwar Prince Hall da abubuwan da masu bincike suka kasa samun tushensu.

A Nijeriya maganar ta wuce sha'awar tarihi, tun da sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya cire ƙungiyar asiri daga cikin 'yancin da ya ba ɗan ƙasa, wasu sassan kuma sun hana ɗanta tsayawa takara. Littattafan da Turawan mulkin mallaka suka rubuta kan Afirka ta Yamma, irin na F. W. Butt-Thompson na 1929, sun zuba abubuwa mabambanta a kwando ɗaya, majalisar dattawa da makarantar balaga da ƙungiyar masu sana'a duk suka zama asiri a wurinsu, galibin bayanin kuma ji ne ta bakin tafinta. Ogboni ta gargajiya a ƙasar Yarabawa hukuma ce da ke shari'a tana kuma taka wa sarki birki, alamarta edan, gumaka biyu na tagulla, mace da namiji, da sarƙa ta haɗa su. Ita kuwa sabuwar Ogboni da limamin cocin Angilika T. A. J. Ogunbiyi ya kafa a Legas a 1914 ta taso ne a garin da rassan Firimason suka riga suka kafu tun ƙarni na 19, kuma Adeyemo Alakija, wanda ya shugabance ta, babban ɗan Firimason ne. Wanda yake son rarrabe abin da ke na Yarabawa a tsarinta da abin da aka aro daga zaurukan Landan, sai ya ajiye littafin Preston ko na Mackey a gefe guda, bayanin dattawan Abeokuta da Ijebu a ɗaya gefen, ya bi muƙamai da tufafi da tsarin zama ɗaya bayan ɗaya.